Istanbul, Birnin da Gashin Baki Ke Faɗin Ɓangaren Mutum

Yawancin mutanenmu da ke zuwa Istanbul fatauci ne ke kai su. Su sauka a Laleli ko Aksaray, su sari riguna da takalma da labule, su miƙa wa masu kago, su juya gida. Da za su ba kansu yini guda su hau taragon da ke ratsa tsohon birni har bakin ruwa a Eminonu, da sun ga wani abu da ba a sayarwa a kanti. A kan gadar Galata, inda masu fatsa ke jeruwa tun asuba, fuskokin dattawa kaɗai sun isa kallo. Wani gashin bakinsa ya yi kauri har ya rufe leɓe, wani nasa ya zubo ta gefe biyu ya nufi haɓa, wani kuwa an rage nasa tsaf bai taɓa leɓe ba. Baƙo zai ɗauka kowa da irin kwalliyarsa ne. Ɗan gari kuwa da kallo ɗaya yakan yi hasashen jam'iyyar da mutum ke zaɓa, wani lokaci har da aƙidarsa.

Daga Eminonu na kutsa lungunan Tahtakale, bayan Kasuwar Kayan Ƙamshi. Hanyoyin matsattsu ne, ƙamshin gahawar da ake niƙawa ya cika ko'ina, 'yan dako na ta neman a ba su hanya. A wannan unguwa aka buɗe gidajen gahawa na farko a birnin, wajajen 1555, kuma a kusurwar irin waɗannan gidaje masu askin zamanin Daular Usmaniyya suka daɗe suna aiki. Aikinsu bai tsaya ga aski ba: su ne masu cire haƙori, su ne masu ƙaho, su ne masu yi wa yara kaciya. Duk wanda ya san wanzamin ƙasar Hausa da zabirarsa ba ya bukatar ƙarin bayani. Asibiti ya karɓe waɗancan ayyuka tuni, amma aska da hira suna nan.

Shagon da na shiga ɗan ƙarami ne, kujeru biyu da dogon madubi, da wurin wanke kai a gaban kowace kujera. A bango akwai hoton Mustafa Kemal Ataturk, wanda ya kafa jamhuriyar ƙasar, da tutar wata ƙungiyar ƙwallo. Sana'ar tana da matakai har yau. Yaron shago shi ke shara da kawo shayi a 'yan ƙananan kofunan gilashi masu siririn ƙugu, na tsakiya ya fara riƙe almakashi, maigidan kuwa, wanda kowa ke kira usta, shi ke da aska da magana ta ƙarshe.

Gyaran fuska a nan ba a yin sa da gaggawa. Usta ya fara da tawul mai ɗumi, sannan ya kaɗa sabulu a kwano da buroshi har kumfa ta yi kauri, ya shafe kumatu da wuya. Ya sa sabuwar reza a bakin aska a gaban idon mai aski, ya ja fata da yatsu biyu, ya bi kwanciyar gashi. Da ya iso ƙarƙashin hanci sai ya ajiye askar. Nan aikin ɗan mataji ne da almakashi mai tsini: a taje gashin ya kwanta ƙasa, a bi layin leɓe a hankali, a ja baya a duba ko gefe biyun sun yi daidai, a sake taɓawa. Mai son ƙarshen gashin ya miƙe sai a murza masa da ɗan kakin zuma. Bayan haka ne abin da ke firgita baƙo yake zuwa. Usta ya naɗa auduga a kan ɗan ƙarfe, ya tsoma a sinadari mai kama wuta, ya kunna, ya riƙa kaɗa harshen wutar a kunnen mutum da sauri har ƙananan gashin su babbake. Sai wanke fuska, sai tausar kafaɗa, sai turaren lemun tsami mai raɗaɗi da ake zubawa a tafin hannu. Kafin mutum ya tashi, duk wanda ke shagon ya yi masa fatan lafiya.

Abin da na lura shi ne usta ba ya taɓa gashin bakin sabon mutum sai ya tambaya. Sumar kai yana iya yanke hukunci a kanta da kansa, amma wannan ɗan wuri tsakanin hanci da leɓe sai da izini. Dalilin yana cikin tarihin birnin, kuma tafiyar ƙafa kaɗan ce daga shagon zuwa inda tarihin yake.

A fadar Topkapi, cikin zanen sarakunan Usmaniyya, kusan kowa da gemunsa, amma Sarki Salim na Ɗaya, wanda ya yi mulki daga 1512 zuwa 1520 kuma ya ci Masar a 1517, an san shi da haɓa a aske da wani ƙaton gashin baki da ya wuce kumatu. Haka ma dakarun Janisari, zaratan sojojin daular: ƙa'idarsu ta hana ƙananan sojoji ajiye gemu, don haka suka zuba ƙarfinsu a gashin baki, ya zama alamar jarumta. Sarki Mahmud na Biyu ya rusa rundunar a 1826, amma kamanninta bai ɓace ba. Makaɗan soja na Mehter da ke wasa a Gidan Tarihin Soja na Harbiye har yanzu da irin wannan fuska suke fitowa, cikin jajayen riguna, suna dukan manyan ganguna.

A dandalin Sultanahmet kuma akwai wata 'yar ƙubba ta famfon ruwa, kyautar Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu don tunawa da ziyararsa ta 1898. Wannan sarki shi ne mai gashin bakin da ƙarshensa ke tsaye cak yana kallon ido, kuma da ƙawancen soja ya yi ƙarfi tsakanin ƙasashen biyu sai matasan hafsoshin Usmaniyya suka kwaikwaye shi. Hotunan Enver Pasha, ɗaya daga cikinsu, shaida ne, har da na Mustafa Kemal yana saurayi. Bayan kafa jamhuriya a 1923, Mustafa Kemal ya aske nasa ƙwal, kuma da wannan fuska yake a takardun kuɗin ƙasar. A idon mutanensa, askakkiyar fuska ita ce fuskar sabuwar Turkiyya mai kallon Turai.

Rabuwar da ake gani a gadar Galata ta yi ƙarfi ne a shekarun 1970, lokacin da matasan hagu da na dama ke kashe juna a tituna da jami'o'i. 'Yan gurguzu suka riƙi gashin baki mai kauri da ke sauka kan leɓe. 'Yan kishin ƙabilar Turkawa, magoya bayan jam'iyyar MHP da Alparslan Turkesh ya jagoranta daga 1969, suka riƙi mai zubowa ta gefe biyu. Ana cewa idan aka haɗa shi da gira biyu, an sami jinjirin wata uku da ke tutar jam'iyyar. Abin dariyar shi ne shi Turkesh ɗin da magajinsa Devlet Bahceli duk ba su ajiye ko ƙwaya ɗaya ba. Maza mabiya aƙidar Alevi na Anatoliya kuwa tun da can al'adarsu ce su bar nasu ya yi tsawo ba sa ragewa. A wancan zamani, shiga unguwar da ba taka ba da gashin bakin da bai dace ba yana iya jawo wa mutum duka. Da sojoji suka yi juyin mulki a ranar 12 ga Satumba 1980, abin ya kai har ga doka: ƙa'idar suturar ma'aikatan gwamnati ta 1982 ta hana gemu, ta kuma ƙayyade cewa gashin baki kada ya rufe leɓe, kada ya zarce gefen baki.

Salo na uku shi ne gajere ragagge da suke kira badem. Shi ne na masu ra'ayin addini, shi ne na Shugaba Erdogan, wanda ya tashi a unguwar Kasimpasha, tsallaken ruwa daga Eminonu. Tushensa hadisin nan ne da ke umarni da rage gashin baki da barin gemu. Yawancin Turkawa Hanafawa ne, sun fi karkata ga ragewa sosai. Mu da muka tashi a mazhabar Malikiyya mun san Imam Malik ya zaɓi a rage har gefen leɓe ya bayyana, ya kuma ƙi a aske gaba ɗaya. A wajajen 2016 jaridun ƙasar sun yi ta tsokaci kan yadda ministocin da a da ba su da gashin baki suka wayi gari da irin na shugaban.

Na hau jirgin ruwa na ƙetara zuwa Kadikoy, a ɓangaren Asiya, inda matasa suka fi yawa. A can lissafin ya fara rikicewa. Samari da yawa gajeren gemu da saje suke bari irin na 'yan ƙwallo da taurarin fim, wanda ya ajiye gashin baki mai murɗe kuwa ƙila gayu kawai yake yi, bai san Wilhelm ba balle Janisari. Amma darajar abin ba ta faɗi ba, ta koma kasuwa ne. Istanbul ta zama cibiyar dashen gashi ta duniya, asibitocinta sun cika unguwanni irin su Shishli, kuma a filin jirgi ba a rasa maza masu naɗe da bandeji a ƙeya. Yawancinsu sanƙo ne ya kawo su, amma akwai waɗanda ake ɗebo gashi daga ƙeyarsu a dasa musu a saman leɓe, da yawansu daga ƙasashen Larabawa.

Ɗan kasuwarmu da zai shiga shagon aski a wannan birni, shawarata ita ce ya je da hoton yadda yake son fuskarsa, ya nuna wa usta kafin a shafa kumfa. Shi dai gyara ya zo yi don ya koma Kano ko Maraɗi fes. Kada ya fito titi ɗauke da tutar jam'iyyar da bai taɓa jin sunanta ba.