Shatin Yatsu a Motar Aro

Ranar ɗaurin auren ƙanwata a Maraɗi na ari farar motar Yaya. Kafin in mayar, na biya gareji a duba mini birki. Yaron makanike ya dafa ƙofa, ya bar mata shatin yatsu biyar na giris da baƙin mai.

Gabana ya faɗi, don Yaya lallaɓa motarsa yake kamar ƙwai. Na sayi kwalbar fetur a bakin titi, na tsinci tsumma. Zan fara dirza ke nan sai wani dattijo mai wankin mota ya riƙe hannuna.

"Ɗana, dakata. Fetur zai dusashe sheƙin fentin, ƙurar tsumman nan kuma ta karce shi."

Ya sa na kai motar inuwa har jikinta ya huce. Ya kwara ruwa ƙura ta sauka. Ya ɗauko tsohuwar singileti mai laushi, yana dangwalar giris ɗin, yana sauya gefe. Sannan ya kaɗa sabulun wanke kwanuka a ruwa mai ɗumi, ya shafa a hankali sau uku, ya ɗauraye, ya tsane. Tabo ya tafi, sheƙi yana nan.

Ya ce da man birki ne, ba a jira, nan take ake kwara ruwa, don shi cin fenti yake.

Da daddare na mayar da motar, na gaya wa Yaya komai. Ya haska ƙofar da tocila, ya shafa, ya ce, "A ina dattijon yake zama?"