Marsandin Alhaji Ta Koma Janwe

A garuruwanmu na yammacin Katsina babu lokacin da lalacewar mota ta fi muni kamar bayan la'asar. Duk wanda ya san hanyoyin da suka haɗa Wagini da Batsari da Safana ya gane nufina. Dajin Rugu na kusa da mu, kuma shekarun nan sun koya mana cewa mai hankali ba ya bari magariba ta riske shi tsakanin gari da gari. Da can in mota ta mutu, direba ya sa dutse a bayan taya, ya karyo ganye ya zuba a kan titi, yaron mota ya kwana a ciki. Yau wa zai yarda ɗansa ya kwana? Janwe kuwa sai an kira daga birni, kuma ba kowane direba ke tasowa da yamma ba. A 2021 ma, da aka katse layin waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, har da Batsari da Safana, ko kiran babu halin yi.

Wannan ne ya sa Kawuna, wanda bakanike ne, ya sa ido a kan motar marigayi kakanmu. Marsandi ce 280S, cikin jerin manyan nan da kamfanin ya ƙera daga 1979 zuwa 1991, irin waɗanda manya suka riƙa shiga zamanin Shagari. Kakanmu ɗan kasuwar shanu ne, gwanjonta ya saya, amma duk da haka a zamaninta babu amaryar da za a kai a danginmu ba a cikinta ba. Bayan rasuwarsa ta shekara da shekaru ƙarƙashin bedi, tayoyi sun sace, kaji na ƙwai a kujerar baya. Da aka zo rabon gado, 'yan gwangwan suka taya ta a kan nauyin ƙarfe. Kawu ya ce a sa masa ita cikin rabonsa.

Da Gwaggo ta ji abin da yake shirin yi, ranta ya ɓaci. Ta ce, "Haba Malam, motar Alhaji ce za ta koma jakin hanya? Gara a sayar mu san ta tafi da mutuncinta." Kawu ya ce, "Yaya, to mutuncin a wajen kaji yake? Ki bar ta ta yi wa mutane amfani, ladar ta je masa."

Na yi dogon hutuna gaba ɗaya a kan aikin nan, kuma abin da na gani ya dace da abin da ake koya mana a aji fiye da yadda yawancinmu ke zato. Me ya sa ita, ba wata ba? Na farko, nauyi: ta haura tan ɗaya da rabi, kuma motar da za ta ja wata bai kamata wadda ake ja ta rinjaye ta ba. Na biyu, tayoyin baya ne ke tura ta, inda nauyin jan ke sauka. Na uku, injinta mai silinda 6 ne, lita 2.8, da kafireta, giyarta ta hannu. Babu kwamfuta, babu wata na'urar da sai an kai Kano a duba. Abin da ya lalace ido na ganinsa, hannu na kai masa.

Tada injin bai ba mu wuya ba. Muka sauke tanki muka wanke tsatsa, muka kwance kafireta, muka canja fulogi da baƙin mai da batir. Aikin gaske yana wurare uku.

Wurin farko shi ne inda za a ɗaura ƙarfen ja. Irin wannan mota ba ta da shasi daban kamar akori-kura, bodinta shi ne ƙashinta. Wanda ya ɗaura wa bamba igiya, bambar zai tsinta a titi. Sai da muka fitar da kafet ɗin but, muka ƙwanƙwasa dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashi don jin ko tsatsa ta cinye su. Mai walda ya haɗa mana ƙarfe mai kauri, amma a jikin motar da noti muka ɗaure shi, da faranti sama da ƙasa, saboda zafin walda na raunana siririn ƙarfen bodi.

Na biyu, zafi. Mota mai jan kaya tana aiki da ƙarfi ne tana tafiya a hankali, iska ba ta dukan lagireto sosai, ga zafin bazara da kan haura digiri 40. Aka kwance lagireto aka wanke, muka sa sabon fanbel da robobin ruwa waɗanda Kawu ya samo a Ƙofar Ruwa. A nan muka ɗan ja da shi. Al'adar garejinmu ita ce a cire tamostat a jefar, wai don ƙasar sanyi aka yi shi. Na zana masa a ƙasa yadda yake a wannan injin: in ya buɗe wa ruwa hanyar lagireto, a lokaci guda yana toshe gajeriyar hanyar da ruwan ke bi ya koma injin. In ka cire shi, wani ruwan zai yi ta kewayawa bai je inda zai huce ba. Kawu ya daɗe yana juya abin a hannunsa, sannan ya ce, "To ɗan boko, mayar."

Na uku, birki. Man birki na shan danshi, wanda ya daɗe kuwa tafasa yake in birki ya yi zafi, ka taka ka ji wayam. Muka zubar da tsohon, muka canja robobi, muka kwance birkin tayoyi huɗun da suka ƙage. Kawu ya haramta igiya. Ya ce motar da injinta ba ya aiki birkinta tauri yake yi kamar dutse, in ka tsaya sai dai ka ji ta a bayanka. Don haka da sandar ƙarfe muke ja, kuma ba ya wuce kilomita 40 a awa. Bai taɓa rubuta lissafin ba, amma ya san abin da muka haddace don jarrabawa: in ka ninka gudu sau biyu, ƙarfin da birki zai cinye ya ninka sau huɗu.

Kada ku ɗauka an samu hanyar arziki. Motar nan na shan mai kamar raƙumi ya samu rijiya, kuma tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 kowace fita sai an yi lissafi. Kawu na karɓar kuɗin mai tukuna, ladar aiki kuwa wani sai kaka ya kawo tiyar gero. Yana da dokarsa kuma: ba ya fita sai ya tambayi labarin hanya, in rana ta yi ƙasa ba ya tashi ko nawa za a ba shi. Duk da haka Golf nawa ta jawo gida cike da buhuna da fasinja, waɗanda da sai dai su bar kayansu su sa ƙafa. Gwaggo har yau ba ta ce ta yarda ba, amma ran nan na ji tana gaya wa baƙuwa, "Ai motar Alhajinmu ce ta kawo ku."

Saura matsala ɗaya. Motocin yanzu da yawa masu giyar otomatik ne, tayoyin gaba ke jansu. In ka ja irinsu da nisa tayoyin na ƙasa, injin a kashe, famfon da ke zagaya man giya ba ya aiki, sai giyar ta ƙone. Maganin shi ne ƙaramin amalanke mai taya biyu da za a ɗora gaban motar a kai. Shi nake son ya zama aikina na kammala karatu, na gaske wanda zai hau titi, ba na ajiyewa a kusurwar wokshop ba.

'Yan uwana na sashen injiniya da masu hannu a walda, ina neman mutum biyu ko uku: mai lissafin nauyin da aksil zai ɗauka, da mai zane, da wanda ba ya gudun baƙin mai a riga. Wanda ya shirya ya neme ni ta ofishin mujallar nan. Kawu ya ce garejinsa a buɗe yake, fura kuma daga wajen Gwaggo.