Tsakin da na yi a motar Kura

Ranar Litinin ce cikin hunturu, ranar da zan kama aiki a matsayin malamin ilimin aikin gona a wata sakandare da ke yankin Kura. Tun daren Lahadi na karɓo farin yadina daga wajen mai guga, na goge takalmi har yana ɗaukar ido. A raina na ƙudurta cewa duk ɗalibin da ya gan ni zai san sabon malami ya zo daga birni.

Bayan sallar asuba na hau bas a Na'ibawa. Kun san yadda motocin hanyar nan suke: kujerar mutum uku sai an cusa huɗu, yaron mota yana ta "a matsa, a gyara". Na samu gefen ƙofa na takure, ina kare kayana kamar mai riƙe da ƙwai. Muka wuce gadar Tamburawa lafiya. Da muka zo Karfi sai direba ya tsaya ya ɗauki wani dattijo da wani yaro mai kayan makaranta. Dattijon yana riƙe da fartanya da damin bututun roba, ƙafafunsa duk taɓo. Ya yi sallama, ya raɓa zai zauna, sai gefen ƙafarsa ya shafi wandona.

Na duba, ga shatin laka tun daga gwiwa har ƙasa. Ban amsa sallamar ba. Na ja dogon tsaki, na ce, "Haba tsoho, ba ka gani ne? Ku mutanen ƙauyen nan ba ku san a wanke ƙafa kafin a shiga mota ba?"

Motar ta yi tsit. Dattijon ya ce, "Yi haƙuri ɗana, ban lura ba." Ya janye ƙafarsa, ya maƙale a rabin kujera. Wata mata a baya ta ce, "Allah Ya shirya." Na yi kamar ban ji ba. Yaron nan kuwa bai ce uffan ba, ido kawai ya zuba mini har muka sauka.

Da na shiga aji na farko, wa zan gani a layin gaba? Shi ne. Dattijon kakansa ne.

Kafin mako ya ƙare, sunana ya koma Malam Kar-a-taɓa. Babu wanda ya taɓa faɗa a gabana, amma ina jin sa a bayan taga. In na yi tambaya a aji, sai a yi shiru. In na juya allo, sai wani ya ja ɗan siririn tsaki, aji ya kwashe da dariya. Na gwada tsawa, na gwada sa su tsallen kwaɗo, abin sai ƙaruwa yake yi. A bakin titi ma, masu shayi suna amsa gaisuwata a daƙile. Har na fara tunanin neman a mayar da ni cikin gari.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne darasin da nake koyarwa. Ni ne mai takardar shaidar ilimin noma, amma ban taɓa ba wa gona ruwa da hannuna ba. Yaran da ke gabana kuwa a bakin kanal aka haife su. Ruwan da ke ratsa gonakin iyayensu daga madatsar Tiga yake tasowa, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala ta a 1974. Ba inji ke turo shi ba, gangara ce ke kawo shi ta babbar magudana, ya rarrabu zuwa ƙanana a Bunkure da Kura da Garun Malam, ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are. Da damina a yi shinkafa, da rani a yi alkama da tumatir da albasa da masara. Tumatirin da manyan motoci ke lodi a Kwanar Gafan zuwa Kudu, daga irin waɗannan gonaki yake fitowa. Duk wannan na haddace shi a littafi, amma ban gane cewa taɓon da ke ƙafar dattijon nan shi ne abin da aka turo ni in koyar ba.

Wani tsohon malami ne ya ja ni gefe a ɗakin malamai. Ya ce, "Malam, matsalarka ba a aji take ba, a mota ka baro ta. Magana zarar bunu ce, ba ta komawa. Amma mutumin yana nan da ransa, kuma gonarsa ba nisa."

Na kwana biyu ina juya maganar. Girman kai yana ce mini malami ba ya ba da haƙuri a gaban ɗalibinsa. Ranar Alhamis bayan an tashi, na kira yaron na ce ya raka ni wajen kakansa ranar Asabar. Ya kalle ni da mamaki, ya ce, "To, Malam."

Mun same shi cikin alkama, ranar layinsu ce ta samun ruwa. Na cire takalmi, na durƙusa a kan kunya, na ce, "Baba, ni ne wanda ya yi maka rashin kunya a mota. Na zo neman gafara." Ya ɗan dube ni, ya ce, "Ai na gane ka. Allah Ya yafe mana baki ɗaya." Bai ƙara komai a kai ba. Sai ya miƙo mini bututu ɗaya ya ce, "An ce kai ne malamin noma. Ja mana ruwa."

A takarda na san yadda abin yake. A nutsa bututun cikin kanal ya cika, a toshe baki ɗaya da tafin hannu, a ƙetaro da shi kan gaɓa, a sake shi a inda ya fi saman ruwan ƙasa, sai ruwa ya yi ta zuba da kansa. Na gwada sau biyar, iska tana shiga, ko ɗigo bai fito ba. A na shida santsi ya kwashe ni, na zauna daɓas cikin laka. Dattijon ya yi dariya har da riƙe ciki. Jikansa ya karɓa, ya yi sau ɗaya, ruwa ya ɓalle. Sannan ya kama hannuna ya nuna mini inda nake saurin sakin tafi.

Ranar Litinin labari ya riga ni zuwa makaranta. Da muka zo darasin noman rani, sai na ajiye alli na ce wa yaron ya fito ya yi wa aji bayani, ni kuma na ƙara musu dalilin da ya sa ruwa ke hawa bututun kafin ya gangara. Ranar ce ta farko da hannuwa suka tashi a ajina. Sunan bai mutu ba, har yau akwai masu kira na da shi, sai dai yanzu a gabana suke faɗa, mu yi dariya tare.

Ƙannena, da yawanku kuna hawa bas ko A Daidaita Sahu kullum, wata rana kuma za ku kama aiki a garin da ba ku san kowa ba. Kada ku ɗauka darasin shi ne a girmama mutum don wataƙila jikansa yana ajinku. Da dattijon nan ba shi da kowa a makarantar, tsakina yana nan a matsayin laifi, sai dai ba zan samu wanda zai nuna mini ba, in ci gaba da yi.

Har yanzu motar nan nake hawa. In an tsaya a Karfi, ni nake fara karɓar kayan mai shigowa, in matsa. Farin yadin kuwa na bar shi sai ranar Juma'a.