Yatsun Neytiri da Saurin Bakina

Na taɓa yi wa masu fim ɗin Avatar ƙazafi a majalisarmu, kuma da babbar murya. Na ce James Cameron ya narka dukiya a fim ɗin nan na 2009, amma masu zanensa ko ƙirga ba su iya ba. Neytiri, 'yar ƙabilar Na'vi, yatsu huɗu gare ta a kowane hannu, Jake Sully kuma biyar, alhali dukansu shuɗaye ne masu jela, dogaye kusan mita 3. Aka kwashe da dariya, kaina ya kumbura.

Sai wani yaron maƙwabta da ba ya cika magana ya ce, "Yaya, ai Jake ba ɗan Na'vi ba ne. Duba girarsa." Muka mayar da fim ɗin baya a waya. Ga gira nan ɓaro-ɓaro a fuskar Jake, Neytiri kuwa ba ta da ko sili ɗaya. Jake ɗan'adam ne; shuɗin jikin da yake shiga a ɗakin bincike aka raine shi, an gauraya ƙwayoyin halittar Na'vi da na ɗan'uwansa da aka haife su tagwaye. Daga nan ya gaji yatsa na biyar. Tun farkon fim an faɗi wannan haɗin, ni ina can ina farautar kuskure. Tun ranar ba na kiran abu ganganci sai na nemi dalilinsa a cikin labarin na rasa.

Abin da ya fi cin raina, da na natsu da na hango inda tambayar gaske take. Yawancin dabbobin Pandora, duniyar Na'vi, gaɓoɓi shida gare su. Dokinsu ƙafa shida, yana numfashi ta ramukan da ke gindin wuyansa, igiyar jijiyar da ake haɗuwa da shi ma biyu ce. Na'vi kuwa hannu biyu, ƙafa biyu, hanci irin namu, igiya ɗaya cikin kitso. Ta ina suka fito? An dai nuna wata dabba mai kama da biri, Prolemuris, wadda hannayenta suka fara haɗewa, amma wannan bai gamsar da ni ba.

A kashi na biyu na fim ɗin, na 2022, an fi kula: ƙabilar Metkayina ta bakin teku an ba ta faffaɗar jela da hannaye masu faɗi saboda iyo. A batun yatsu yaron nan ya fi ni gaskiya. A batun gaɓoɓi kuwa ina kan bakana: an sassaƙa Na'vi kusa da surarmu ne don mai kallo ya so su.