Agogo a Goshin Jirgin Babana

Mu mutanen gungu ne. A tsakiyar kogin Kwara aka haife ni, ƙasa da Yelwa, kuma ina ɗan shekara 14 a 1968 lokacin da aka toshe kogi a Kainji ruwa ya fara hawa. Aka tashe mu, mu da mutane sama da 40,000 tun daga ƙasar Yauri har Bussa, aka zuba mu a gidajen siminti masu rufi mai doro a bakin gaɓa. Mahaifina ya ci gaba da kamun kifi da jirginsa na madaci har gindinsa ya ruɓe. Ranar da ya haƙura da shi, sai ya sa gatari ya cire wani yanki daga gefen goshin, tsawon kamu ɗaya da rabi, kaurin yatsu uku, ya jingine a ƙuryar ɗakinsa. Da Allah ya yi masa rasuwa katakon ya dawo hannuna, ni ma na jingine shi.

Na yi shekara 35 ina koyarwa a firamare, tsakanin Shanga da Wara da Birnin Yauri. Bayan na ajiye aiki ne agogon bangonmu na roba ya faɗo ya tarwatse, amma na ɗaga na ji injinsa yana bugawa. A daren nan na kwana ina kallon katakon mahaifina. Da safe na ɗauke su duka biyu na nufi rumfar wani kafinta a Yelwa, yaron da na taɓa koya wa karatu a aji 4.

Ya ce, "Malam, ka bar min, jibi ka aiko a karɓa."

Na ce, "A'a ɗana, da hannuna nake so in yi."

Ya juya katakon, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya yi shiru. Sannan ya ce, "To Malam, ka yi haƙuri, wannan ba za ka taɓa shi ba tukuna." Ya sa shi saman rufin rumfa, ya miƙo min guntun malaina. Raina ya sosu a lokacin, ba zan ɓoye ba. Yau ina sa masa albarka a kan wannan hanin.

Injin agogon batiri ɗan akwati ne baƙi, faɗinsa bai kai santimita 6 ba, kaurinsa kamar ɗaya da rabi. A tsakiyarsa akwai wuya mai zare, shi ne ke ratsa katako ya fito ta fuska, a ɗaure shi da noti, sannan a ɗora hannuwa. Duk aikin a tsawon wannan wuyan yake. In katako ya fi shi kauri, dole ka rarake baya har fuskar ta rage siririya, yadda zaren zai leƙo noti ya samu wurin kamawa. Ni kuwa a guntun farko sai na fara da ado. Na kwashe mako biyu ina zana kifi da igiyar ruwa a fuska, sannan na juya baya na fara rarakewa da cizal. Ban auna zurfi ba. Bugu ɗaya na ƙarshe, bakin cizal ya ɓullo ta cikin idon kifin. Ɗalibina bai ce komai ba, sai ya ɗauko ƙusa ya ɗaura mata zare a daidai zurfin da ake so, ya ce in riƙa tsoma ta a ramin bayan kowane 'yan bugu. Ya ƙara da cewa a huda ramin tsakiya tun farko, milimita 8, a rarake baya, a gwada inji ya zauna daram, sannan a waiwayi kwalliya.

Na biyu ya yi kyau, har na rataye shi a zaure. Cikin damina na yi shi, da katakon da ba a daɗe da tsagawa ba. Da hunturu ya busa, wata safiya na tarar ya dare daga ramin tsakiya har baki, fuskar ta ɗan kumbura, dogon hannu yana gogar katako ya tsaya cik a kan ƙarfe 3. Ice yana shan danshi yana kumbura, yana bushewa yana tsukewa, kuma ta faɗinsa yake wannan motsin fiye da ta tsawonsa. Mu da ke bakin tafki mun fi kowa ganin haka, don ƙofar da ke ƙin rufuwa a watan Agusta ita ce ke lilo a Janairu. Na san wannan tun ina yaro, na ga mahaifina yana barin jirgi cikin ruwa don kada rana ta tsaga shi, amma ban kawo shi a aikin hannuna ba sai da na yi asara.

Sai bayan shekara guda aka sauko min da katakon daga saman rumfa.

Tsohon madaci da ya sha ruwa ya sha rana tauri gare shi, cizal yana shiga yana fitar da gari ja mai ɗaci a maƙogwaro. Kullum bayan sallar walaha nake zama, in yi abin da ya sawwaƙa, in tashi kafin azahar. A nan ne na samu kaina ina tuna yadda mahaifina yake sanin lokaci, shi da bai taɓa mallakar agogo ba. La'asar a inuwar gorar tuƙi yake ganinta. Shekara kuwa kogi ne ke faɗa masa. Akwai farin ruwa, mai laka, wanda ruwan saman ƙasarmu ke kawowa wajen ƙarshen damina. Akwai baƙin ruwa, garai-garai, wanda ke isowa cikin sanyi alhali ko ɗigo ba a yi a nan ba. Sai da na yi karatu na gane ruwan da ya sauka ne a tsaunukan Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, lakarsa ta kwanta a hanya kafin ya iso mu. Da waɗannan biyun ake sanin ranar dashen albasa, da lokacin da kifi zai shiga ciyawa, da lokacin ɗinkin taru. Cikin akwatin nan baƙi kuwa wani ɗan ƙanƙanin dutse ne ke karkarwa sau 32,768 a kowane sakan, ba ruwansa da damina ko rani. Na daɗe ina tambayar kaina ko ya dace in haɗa su wuri ɗaya. Na yanke cewa ya dace, don 'ya'yana da jikokina da agogo suke rayuwa, kuma ina so duk wanda ya ɗaga kai duba lokaci a gidan nan idonsa ya sauka a kan jirgin kakansa.

Wurin raba awoyi ne kaɗai aikin malanta ya yi min rana. Na ɗauko kamfas na lissafi na zana da'ira, ban canza buɗinsa ba na taka shi a kan da'irar sau 6, ya ba ni 12 da 2 da 4 har zuwa 10, na raba kowane tsakani biyu. Ɗalibina ya tsaya yana kallo, ya ce, "Malam, wannan kam yau na koya." A madadin lambobi na kafa ƙananan ƙusoshin tagulla 12. Ban zana kifi ba, ban shafa fenti ba. Samfefa na bi da ita a hankali, na shafa man kaɗe, jan madacin ya fito da kansa.

Ranar ɗora hannuwa ɗalibina ya hana ni ɗaure noti da filaya, ya ce yatsu sun isa, a bar wa katako wurin numfashi. Gajeren hannu aka fara dannawa yana kallon 12, sai dogon a kansa, sai siririn na sakan. Muka juya su zagaye guda muna leƙe ta gefe, don in ɗaya ya taɓa ɗan'uwansa ko kaɗan agogo zai riƙa latti ko ya tsaya. Na sa batiri da kaina.

Yanzu yana zaure. Duk hunturu notin yakan ɗan saki, sai in sauke shi in ƙara masa rabin juyi. Kusa da ƙarfe 4 akwai wani faci na ƙarfe da mahaifina ya buga a inda dutse ya taɓa fasa jirgin, na bar shi yadda yake. Kwanakin baya wani tsohon Basarke ya shigo gaisuwa, ya tsaya gaban agogon bai ko dubi hannuwan ba. Ya sa babban yatsa ya shafa facin, ya ce wannan bugun mutanen gungunmu ne, ya tambaye ni ɗan wane ne ni.