Alamomi Takwas Kacal, Amma Sai Da Gumi

Duk wanda ya zauna a darasin kwamfuta ya san na'urar tana da nata harsunan da ake ba ta umarni da su, irin su BASIC da Python. Waɗanda suka ƙirƙiro su sauƙi suka nema wa mutane. To, akwai wasu gwanayen rubuta manhaja da ke ƙirƙirar harshe da gangan don ya ba da wahala, har gasa suke yi a kai.

Ga yadda irin wannan gasa take. Mutum ɗaya ya tsara harshe, ya shimfiɗa ƙa'idojinsa a fili, sannan ya ce a yi masa wani ɗan aiki da shi, kamar tara lambobi biyu. Sauran su duƙufa neman hanya. Sharaɗin da ya fi burge mu shi ne dole mai tsarawar ya kasance yana riƙe da amsa, in wa'adi ya cika ba a gano ba ya fito da ita. Kamar dai kacici-kacici: in an ba ka gari, sai ka faɗi amsa.

Wasan ya daɗe. A 1972 Don Woods da James Lyon, ɗalibai a Jami'ar Princeton ta Amurka, suka ƙirƙiro INTERCAL don raha. A cikinsa sai ka riƙa saka kalmar PLEASE, wato kana roƙon na'ura. In ka saka kaɗan ta ƙi aikin, wai ba ka da ladabi. In ka cika sakawa ta sake ƙi, wai ladabin ya yi yawa. A 1998 Ben Olmstead ya fito da Malbolge, inda umarni ke rikiɗewa ya zama wani daban da zarar an aiwatar da shi. Sai da aka shekara biyu kafin a samu manhajar farko da ta yi aiki a cikinsa, ita ma wata manhaja ce ta Andrew Cooke ta lalubo ta.

Amma wanda ya ɗauke mana hankali shi ne na Urban Müller, ɗan ƙasar Suwizalan, na 1993. Sunansa bai dace da bangon makaranta ba, don haka mun bar shi. Alamomi takwas ne kacal. A ɗauka an jera gwangwanaye babu komai a ciki, kana tsaye gaban na farko. Alamar > na nufin matsa dama, < matsa hagu. Alamar + jefa tsakuwa ɗaya, - cire ɗaya. Ɗigo na fito da abin da ke ciki, waƙafi na karɓar sabo. Duk abin da aka rubuta tsakanin [ da ] ana ta maimaita shi, har sai an iso ƙarshen zagaye an tarar gwangwanin da kake kai ya zama fanko. Shi ke nan.

A taron ƙungiyarmu mun gwada da gwangwanin madara da tsakuwa. Cikin minti biyar kowa ya haddace ƙa'idojin, har muna cewa wannan ai wasan yara ne. Sai aka ce a tara uku da huɗu. Babu alamar da ke haɗa gwangwani biyu, dole ka cire ɗaya, ka matsa, ka jefa, ka dawo, har na farko ya ƙare. A rubuce [->+<] ne. Ninkawa ta cinye mana sauran lokacin taron. Gano wanne ya fi yawa tsakanin gwangwani biyu kuwa, da shi muka tafi gida. Duk da haka masana sun tabbatar cewa da waɗannan alamomi takwas ana iya yin duk lissafin da sauran harsuna ke yi, in akwai isassun gwangwanaye da lokaci.

A nan muka lura da wani abu. Ba wanda zai ji kunya don Malbolge ya gagare shi, tunda kowa ya san dodo ne. Wanda ya yi kama da mai sauƙi shi ke karya zuciya, domin in ka kasa sai ka ɗauka kanka ne da matsala. Wannan kuwa kullum yana faruwa a azuzuwanmu. Ƙa'idar lissafi takan zo a layi ɗaya, a ce "ai wannan mai sauƙi ne", a wuce. Ɗalibin da bai gane ba ya yi gum, yana tsoron dariya. Mako biyu sai ya koma kujerar baya, zango ɗaya sai ya ce shi ba ɗan lissafi ba ne. Alhali haddace ƙa'ida daban, iya aiki da ita daban. Ko dara ma ƙa'idojinta ba su da yawa, amma je ka zauna da tsohon hannu ka gani.

Muna roƙon malamanmu, cikin girmamawa, in ƙa'ida ta zo gajera a ƙara mana misalai, a ba mu lokaci mu fafata da ita. Mu kuma ɗalibai mu daina yi wa mai tambaya dariya. Sau da yawa abin da ya tambaya rabin ajin ba su sani ba, shi ne dai ya yi ƙarfin hali.

Ga tamu gasar. Da waɗannan alamomi, a zuba tsakuwa 20 a gwangwani ɗaya ba tare da an rubuta alamomi 20 ba. Muna riƙe da amsa mai alamomi 14. Wanda ya gano ya miƙa wa kowane ɗan ƙungiya, za mu liƙa sunansa a fitowa ta gaba. In kuma an ba mu gari, za mu faɗa.