Wa Za A Tuna Bayan Mun Kau?

Shekara talatin na yi da alli a hannu ina koyar da Hausa, kuma da an tambaye ni a wancan lokaci wane marubuci ne zai daɗe a bakin mutane, da ban wuce mutanen gasar rubutun littattafai ta 1933 ba: Abubakar Imam da Ruwan Bagaja, Bello Kagara da Ganɗoki, Tafawa Ɓalewa da Shaihu Umar. Littattafan soyayya da suka cika kasuwannin Kano kuwa, idan na kama ɗaliba da ɗaya a ƙarƙashin tebur, ƙwacewa nake yi. Muna ce musu adabin kasuwa, mun ɗauka ba za su ga damina biyu ba.

Wani dare na buɗe ɗaya daga cikin waɗanda na ƙwace, Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu. Ban rufe shi ba sai da aka kira assalatu. Rabi da mijinta ya kora da 'ya'ya tara, ta koma sayar da abinci don ta riƙe su, ai na san ta. A unguwarmu akwai irinta uku, kuma har ranar ban taɓa ganin an sa ɗayarsu a takarda ba. Ita marubuciyar an cire ta daga makaranta tana yarinya aka yi mata aure, shi ya sa alƙalaminta ba ya rawa idan ta zo nan. A 2012 aka fitar da littafin da Turanci a Indiya, amma matan Kano sun riga kowa sanin darajarsa.

Imam dai ya zauna daram, tunda makaranta ta riƙe shi. Bayansa, ina sa ran Balaraba, sai Ado Ahmad Gidan Dabino, don har yau akwai iyaye mata da ke ambaton Sumayya ta In Da So Da Ƙauna kamar 'yar ɗakinsu.

Abin da ke hana ni barci shi ne takardar. An buga littattafan soyayyar nan a kan mai araha, gara ta ci, da yawansu ba a sake bugawa ba. Jikata tana karanta sababbin marubuta a waya, ta ce wasu sun iya ƙwarai, na kuma yarda da ita. Makon jiya na ba ta kofina na Balaraba, bangonsa ɗaure da zare, na ce ta karanta wa kakarta da dare, tunda idon kakar ya yi rauni.